Tsibin Doya a Gonar Gero

Ni ba a nan aka haife ni ba. Mahaifina ne ɗan garin nan. Ya tafi cirani ƙasar doya tun yana saurayi, ya zauna a zangon Hausawa, a can ya haife mu. A can na girma, a can na yi aure. Wata safiya mutanen da muke cin kasuwa ɗaya da su suka zagaye zangon. Ba su tambayi laifin kowa ba, harshenka da sallarka sun isa. Na fita da rigar jikina. Matata da 'ya'yana da ƙannena, babu wanda ya fita. Iyakar abin da zan faɗa ke nan, kada a nemi ƙari.

Motar shanu ta sauke ni Kano, na hau ta Minjibir, na yi ta tambaya har na iso ƙauyen da mahaifina yake ba mu labari. Na tarar da ƙanwarsa, gwaggona, da ranta. Ta kalli kunnuwana ta ce na yayanta ne, ta kama kuka. Ranar aka share mini ɗaki.

Mutanen nan sun riƙe ni, Allah ya saka musu. Amma riƙon ya yi yawa. Ko'ina na bi, sannu. Masallaci sannu, bakin rijiya sannu. Da yamma idan aka fito da kwanuka ƙofar gida ana ci tare, ina isowa dariya za ta mutu. Wani yana ba da labarin ɓarnar ɗansa, da ya gan ni sai ya haɗiye sauran. Naman da ke cikin miya kuwa, ni ake tura wa. Na zama kamar zaman makoki mai tafiya da ƙafa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ɗan gwaggona. Taubashina ne, abokin wasa, wanda al'ada ta ba shi damar ya zage ni in rama. Kowa ya san bakinsa ba ya rufuwa, har liman bai bari ba. Amma uwarsa ta ja masa kunne a kaina. Sai ya riƙa gaishe ni a durƙushe kamar surukinsa. Na gaji. Na ƙudura a raina damina na wucewa zan koma birni in tura baro, inda babu wanda ya san ni balle ya ce mini sannu.

Ana haka aka kira gayya a gonar gwaggo, za a yi wa gero huɗa. Suka ce in zauna gindin gawo in huta. Na ce ban zo hutu ba, na ɗauki garma. Mai ganga ya saki kiɗa, kowa ya kama layinsa. Na sunkuyar da kai, na bar hannuna ya yi abin da ya sani. To, abin da ya sani doya ne. A nan kunya ake ja, doguwa, a tura ƙasa gindin gero. Ni kuwa tara ƙasa nake yi tsibi-tsibi, ina gewayawa ina dannawa, yadda muke yi a can.

Sai na ji murya daga gaba.

"Kai! Bawana! Wa ya mutu kake binnewa a gonar uwata?"

Ganga ta tsaya. Taubashina ne, kuma maganar na fita ya dafe bakinsa. Kowa ya sunkuyar da kai. Gwaggo da ta iso da ƙwaryar fura ta tsaya cak.

Na waiwaya. Ga tsibina a jere, manya-manya, na binne geron har wuya, ganye kawai ke leƙowa kamar kunnen zomo. Wallahi ban san lokacin da dariya ta ƙwace mini ba. Ta fito da wata irin ƙara, don ta daɗe ba ta fito ba.

Na ce, "Kai nake gyara wa wuri. Amma da tumbin nan naka sai na haɗa tsibi biyu."

Ya saki bakinsa. "Ku ji mini ɗan doya! Ka zo garinmu ko garma ba ka iya riƙewa ba!"

"Wa ye bawan wani ma tukuna? Ni ɗan namiji ne, kai ɗan mace. Zo ka karɓi garmar ubangidanka."

Gona ta kaure da shewa. Gwaggo ta bi shi da ludayi tana cewa, "Ɗan banza, ban hana ka ba?" tana dariya tana share hawaye. Shi ya tsaya ya koya mini jan kunya, yana yi yana zagina, muka tono geron da na binne.

Da yamma a ƙofar gida, ina kai hannu ga nama wani maƙwabci ya riga ni, ya ce wanda ya ɓata gero ba ya cin tsoka. Mai labarin ɗansa ya ba da shi har ƙarshe. Na ci tuwo na ƙoshi.

Ban tafi birni ba. Daga baya na gwada doya a gefen gona don in rufe wa taubashina baki. Ta fito kamar babban yatsa. Ya sa ta a aljihu ya zagaya gari yana nuna wa mutane.

Har yanzu akwai safiyar da nake tashi da waɗanda na rasa, ƙafata ta ƙi fita. Ya san irin ranar. Ba ya cewa sannu. Sai ya bugi ƙyaure ya ce, "Mai doya, ko ka binne kanka ne? Fito, malalaci."

Sai in nemi takalmina.