Fatun da Na Rataye a Rumfa

Shekarar da na yi haihuwar fari, maigidana dillalin fata ne a Boɗinga. Yana bin mahautan Shagari da Dandin Mahe yana tara fatun jajayen awaki, ya ɗora wa jakuna zuwa kantin Turawa a Sakkwato, su kuma su aika ƙasarsu. Shi ne bakin mahauta a can. Ba ya jin Turanci, amma ya san lokacin yin shiru, ya san lokacin da ake naɗe kaya a yi kamar za a tafi.

Sau biyu a jere aka mayar masa da kaya. Akawun kanti ya ce fatunmu suna lalacewa a hannun majemansu. Maigida ya ce in aka yi na uku, shi kam zai bi 'yan ci-rani Kurmi. Ga ni da goyo, uwata tana nesa. Ko tuwo na sa a baki sai in ji kamar ƙasa.

A lokacin kowa a ƙasa yake shanya fata, a baje ta a rana, a kafe gefenta da 'yan turaku. Haka muka taras. Tsakar gidanmu duk turaku, yarinya kuwa ta fara rarrafe, abin da ta samu sai baki. Ran nan na zaro mata guda daga baki. Da maigida ya fita, na tumɓuke ɗanyun fatu shida, na huhhuda gefensu, na ɗaure su da igiyar rama tsakanin dirkokin rumfa, inda hannunta ba ya kaiwa.

Surukata ta leƙo. "Ke ɗiyar ga, fata ta ko zanen amarya, da kike shanya inuwa?"

"Inna, turakun nike tsoro."

"Mu da munka yi renon tara cikin turaku, wa yah haɗiye guda? Kuma kan ɗiyar fari, ko kunya babu."

Na sunkuyar da kai, amma ban kwance su ba.

Da suka bushe na lura da su. Iska ta ratsa su ciki da baya, ba su ƙone ba, ba su da warin nan na fatar da ta kwanta a ƙasa mai zafi. Ranar tafiya na ce wa maigida ya sa su a saman kaya.

"Yau kuma ke ad dillaliya?" in ji shi. Ya yi dariya, ya sa su.

Abin da ya faru a kanti daga bakinsa na ji, kuma na ji shi ya fi a ƙirga. Baturen kantin ya ɗaga shidan nan ɗaya-ɗaya, ya duba, ya shinshina, ya ware su gefe. Akawu ya ce waɗannan ana so, sauran a koma da su. Maigida ya haɗa duka ya fara ɗaurewa, ya ce wa akawu:

"Gaya mashi ba fata shida nik kawo ba, gari nik kawo. Shi amshi duka yau. Watan gobe, daga Shagari har Boɗinga, ba shi ganin wadda ta taɓa ƙasa. In na cika alkawari, shi aiko da sikeli kasuwarmu, a riƙa saye can."

Suka yi ta ja har azahar. Bature ya karɓi kayan, na ƙasan da araha. Zancen sikeli kuwa ya ce sai ya gani.

Mahauta sun fi Bature wuya. Sarkin pawan Shagari ya ce kakansa a ƙasa ya shanya, wane ne zai koya masa sana'a? Maigida ya ce wani gwani ne ya nuna masa, bai faɗi ko wane ne ba, ni ma ban so ya faɗa ba. Ya kafa masa rumfa da hannunsa, ya ce a gwada kasuwa biyu kawai.

Ranin nan duk a kafa rumfuna ya ƙare masa. Sikeli bai zo ba sai bayan damina biyu. Amma da 'yan ci-rani suka ɗaura kayansu suka nufi kudu, shi rakiya ya yi musu zuwa bakin gari, ya dawo ya tambaye ni ko akwai sauran igiyar rama.