Tauraron da na ce miki na gani

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 23 ga Safar 1446, Allah ya karɓi ran kakata Hajiya Tasallah a gidanmu da ke unguwar Ƙurban, a birnin Manzon Allah. An sallace ta a Harami bayan la'asar, aka kai ta maƙabartar Baƙi'a.

Kaka, ni ce Radiyya. Kwana shida ke nan mata suna shiga suna fita, ina zuba gahawa, ban iya ce wa kowa komai ba. Na gaji. Shi ya sa na ɗauki biro.

Ke kika koya mini kallon sama. Kafin kiran asuba kikan tashe ni mu hau saman gida, ki nuna mini Kaza da 'ya'yanta, ki nuna mini Gamzaki, da sunayen da kika taho da su daga Maraɗi. In na amsa da Larabci sai ki ja kunnena ki ce kazar ba ta jin Larabci. Suhailu kaɗai kika bar wa sunansa na nan. Kin ce yana fitowa ta kudu, ta wajen alƙibla, ƙasa ƙasa kamar zai taɓa kan dabino, kuma in ya fito zafi ya fara karyewa. Ranar da kika gan shi kikan kashe mukayyif mai sanyaya ɗaki, ki dama kunun gyaɗa ki aika wa maƙwabta, har da masu aikin shara da ba su da kowa a garin nan.

Da idonki ya mutu, ni na zama mai dubawa. Shekarar farko na sauko da gudu na ce ga shi can sama sosai. Kika yi dariya har da tari, kika ce: "Ƙawata, wanda ya hau sama ba shi ba ne. Suhailu mai kunya ne irinki."

Bana zafi ya kwantar da ke. Kin daina cin abinci. Kullum maganarki ɗaya, in dai kin kai Suhailu za ki tashi. Amma an gina dogon bene a kudu da mu, ya tare wurin gaba ɗaya, fitilunsa ba sa mutuwa. Ban gaya miki ba. Ina hawa, ina saukowa, ina cewa tukuna.

Ranar Asabar na ce miki na gan shi. Ƙarya na yi, Kaka. So nake ki sha ko da cokali biyu na kunu. Ba ki tambaye ni tsayinsa ba kamar yadda kika saba. Kin riƙe hannuna kawai kika ce: "To, alhamdu lillahi. Na kai." Ba ki sha kunun ba.

Kawu Bakri ya ce ajali ba ya jiran tauraro, kuma na san gaskiya ya faɗa. Duk da haka ban san ko kin yarda da ni ba ne, ko kin gane kika rufa mini asiri. Har yau ina hawa da asuba, ban gan shi ba. Ki yafe mini.

Allah ya jiƙan ki, ya haskaka kabarinki, ya sa maƙwabtakar Baƙi'a ta amfane ki. Ummi, Kawu Bakri, Gwaggo Ƙaltume da 'yan'uwa na Maraɗi, Allah ya ba mu haƙuri. Ni kuma ku roƙa mini gafara.