Littafin Wankin Yashi

Baban Yashi ake kiransa a matatar ruwa. Shekara ashirin da bakwai ya yi yana hawa da sauka a tsanin tankunan yashin da ke tace ruwan da gari ke sha. Aikinsa shi ne ya gane lokacin da yashi zai toshe, ya wanke shi kafin laka ta zarce famfunan mutane. Yakan ɗebi ruwa a kwalba, ya ɗaga ta jikin farin bango, ya ce tanki na uku ba zai kai la'asar ba. Kuma ba ya kaiwa.

Sai dai gwiwoyinsa sun riga shi ajiye aiki. Ya gaji tilis. Sau uku yana neman ritaya, sau uku ana ba shi haƙuri, wai babu mai idonsa.

Da aka turo wata injiniya da kwamfutarta, babu wanda ya kai shi murna. Ta kwafe littattafan aikinsa goma sha ɗaya ta zuba a ciki, don na'urar ta koyi hasashe daga rubutunsa. Har ya yi wa matarsa alkawarin damina mai zuwa a gida zai yi ta, ƙafa miƙe.

Ruwan sama na farko ya tona asiri. Kwamfuta ta ce tanki na uku yana da sauran awa ashirin kafin ya toshe, amma kafin azahar ruwa ya fara fitowa kamar na wankin tukunya. Baban Yashi ya rufe tankin, ya zauna a kan bututu, kunya ta rufe shi. Ya gaya wa injiniya cewa wani tsohon manaja ya kafa doka, wanki sai bayan awa arba'in da takwas, wanda ya saɓa ya sha takardar gargaɗi. Shi kuwa yakan wanke lokacin da ido ya nuna masa, ya rubuta abin da doka ke so. Manajan ya tafi tuntuni, hannu ya riga ya saba.

"Duka littattafan, Baba?" in ji ta.

"Duka, 'yata."

Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta miƙo masa sabon littafi, ta ce na'urar na buƙatar rubutun gaskiya na damina biyu kafin a sake shi. Ya karɓa da hannu biyu, ya duba agogo, ya rubuta ƙarfe ɗaya saura kwata.