Gwangwanin Madara a Cikin Injin Alhaji Sule

Duk tsufan nan nawa, ban manta da wata jajiberin Babbar Salla a gidan niƙan Alhaji Sule da ke Unguwar Ya ba. Shekarun da kuɗin mai suka fara shigowa ne, Alhaji ya sayo janareta da injin lantarki daga Kano. Ni ne mai kula da su.

Ga wanda bai sani ba, a cikin injin akwai wani dunƙulen ƙarfe da ake kira rota. Maganaɗisu ke juya shi, ba ya taɓa bangon da ke kewaye da shi. Mu kuwa masu niƙa abu guda muka sani: in farantin niƙa bai goga ɗan'uwansa ba, babu gari.

Da safe na buɗe injin zan kakkaɓe ƙura, Alhaji ya leƙa ya ga rata tsakanin rota da bangon.

"Haruna, Kanawa sun ci ni," in ji shi. "Tsoho suka shafa wa fenti. Dubi yadda ya cinye."

Na ce, "Wallahi Alhaji, ni ma tun jiya nake jin ba ya kama jikinsa."

Muka fasa gwangwanin madara, muka naɗe rota tsaf. A waje layin mata har bakin titi, Inna Tabawa a gaba da dawar tuwon Salla na gidanta duka.

Na kunna. Injin ya yi kukan akuya a hannun mahauci, ya feso hayaƙi, ya mutu.

Aka ɗauko Malam Garba mai gyaran lantarki daga Gwaram. Ya zaro gwangwanin, ya juya shi.

"Alhaji, shayi kuka haɗa masa?"

"Rata muka toshe."

"Kana zama tabarma ɗaya da surukarka?"

"A'uzubillahi."

"To su ma surukai ne. Tare suke aiki, amma ba sa haɗa jiki. Kun ƙona koyil, naɗin wayar da ke ciki, sai bayan Salla."

Nan take Alhaji ya tuna wai yana da jana'iza a Maruta, ya sulale. Inna Tabawa ta aika aka kawo turmi, ta miƙo mini taɓarya.

"Tun da goga kake so, ɗana, bismilla."

Na yi daka har la'asar, mata na yi mini guɗa.

Tun ranar, yara, in na ga rata a inji ko tsakanin mutane, sai na tambayi wanda ya bar ta kafin in nemi gwangwani.