Karan Taba a Aljihun Babbar Riga

Da ana iya mayar da magana ciki bayan ta fita, akwai wata guda ɗaya da na furta wata ranar Juma'a a bayan gidana da ke Gwarzo, da tuni na haɗiye abata. Na yi kurakurai da yawa a rayuwa, wasu na manta, wasu Allah ya rufa asiri, amma wannan kam har in koma ga Mahaliccina ba za ta fita daga raina ba. Abin dariya ne, yanzu ma in na tuna sai na murmusa, sai dai dariyar tana da ƙaya a ciki.

Ni mai gyaran keke ne. Karatuna bai wuce firamare ba, sai ɗan na allo. Na koyi shan taba a zamanin tsuke bakin aljihu, lokacin da aka rage ma'aikata aka sallame ni daga aikin masinja, na koma bakin tasha da famfo da gam ina faci. Wai don in rage tunani. Tunani bai ragu ba, tari ne ya ƙaru. Zamani ne da sabulu ma sai an bi layi, amma ban taɓa kwana ban samu kara biyu ba. Haka na yi shekara goma sha biyar da 'yan kai.

Mai ɗakina 'yar wani dattijo ce da ke limancin masallacin unguwarsu a Kutama. Duk tsawon shekarun nan ita ke rufa mini asiri a wurinsa. In za mu je gaisuwa, sai ta kifa kwando a kan kasko, ta shimfiɗa rigata a kai ta sha turaren wuta, sannan ta danƙa mini kanumfari in tauna a hanya. A wurinmu, gara hakimi ya gan ka da taba a baki da surukinka ya gan ka. Ni kuwa na sakankance tsohon nan bai san komai ba.

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a Kano, wa'azi ya cika gari, kowa yana ajiye wani abu. Ba a hana taba da doka ba, amma in ka kunna a tasha sai ka ga ana matsawa daga benci ana kallonka ta wutsiyar ido. Ni ma na ce na bari. A wata ɗaya na bari sau huɗu.

Akwai wani abokina malamin firamare, Kirista ne ɗan kudancin Kaduna, wanda tsohon kekensa ya fi daɗewa a wurina fiye da gidansa. Shi ya daɗe da bari. Wata rana ya same ni ina shan wadda na ce ita ce ta ƙarshe, ya zauna a kan taya yana dariya.

"Malam, ka san matsalarka? Kana so ka fitar da jaki daga gona, ba ka nuna masa dusa ba."

Na ce, "Ticha, yi mini Hausa."

Ya ce, "Jiki ɗan ƙwadago ne, ba ya aikin banza. Kwana bakwai ba ka sha ba, ka je ka ci tsire, kai kaɗai, kada ka ba kowa. Ka kai wata, ka yi wa kanka abin da ya fi tsire. Wata uku, abin da ya fi wancan. Ni haka na yi."

Da na kai wa mai ɗakina wannan shawara, sai da ta ajiye muciya ta yi dariya. Ta ce, "Wato sai an ba ka tukuici kafin ka daina ƙona kanka?" Amma washegari sai ga ta da wata kwalba da ta wanke. Kullum na dawo da yamma sai ta ce, "Kawo hannu." Ta shinshina yatsuna, in ba ta ji komai ba ta jefa ƙwayar masara ɗaya a kwalbar. Ba za ku yarda ba, ƙaton mutum mai 'ya'ya biyar, amma ƙarar ƙwayar masarar nan a gindin kwalba ita nake jira tun safe.

Makon farko na sha wuya. Na tauna aswaki har ya koma tsintsiya, na yi faɗa da wani mai keke a kan abin da bai kai ya kawo ba. Amma ran kwana na bakwai na je wurin mai tsire na zauna na miƙe ƙafa. Ticha ya zo ya zauna kusa da ni yana kallon takardar tsiren har na kai tsinke na ƙarshe. Sai ya ce, "Na ce kada ka ba kowa, ban ce har da ni ba."

Da na cika wata, ban ma kai ga saya wa kaina komai ba, mai ɗakina ta fito da hula da ta yi ta ɗinkawa a ɓoye. Tari ya ragu, na fara jin ƙamshin miya tun daga zaure, abin da na manta ana ji. Sai na sa wa raina babban buri. Tun da aka sallame ni daga aiki ban ɗinka sabuwar babbar riga ba, ta aurena nake ta lallaɓawa. Na ce in na cika wata uku, shadda zan ɗinka. Na kuwa cika. Na shiga birni na yanko mai ruwan sararin samaniya, tela ya zauna ya yi mata aiki a ƙirji, ya kawo ranar Alhamis.

Ranar Juma'a mai ɗakina ta kifa kwandonta ta turara rigar. Ta ce, "Yau dai turaren ado ne, ba na ɓoye laifi ba." Na saka, na kafa hula, na nufi masallaci ina taku ɗai-ɗai. Mutanen tasha suka yi ta tsiya. Wani ya ce ango, wani ya ce, "Malam, ko kansila za ka fito ne ba mu sani ba?"

A hanyar dawowa tunanin ya zo mini. Ba zan ɗora wa Shaiɗan ba, ranar ko gumi bai yi a kaina ba. Na ce a raina, an ci tsire, an sa hula, an sa riga, amma duk wannan na jiki ne. Mutumin da ya yi wannan jarumta ai ya cancanci kara ɗaya, ta bankwana. Lada ce ita ma. Na yi doguwar hanya har bakin titin Kabo wurin wani mai tebur da bai san ni ba, na sayi kara ɗaya, har da ce masa aike ne, shi da bai tambaye ni ba.

Bayan gidana akwai wani lungu tsakanin rumbu da katanga, inda 'yar siririyar hanya ta ɓullo daga gonaki. Ba mai bi sai awaki. Nan na raɓe na ƙyasta ashana. Zuƙar farko kaina ya juya, ko daɗi ban ji ba. Ina cikin ta biyu na ji sallama a bayana.

Surukina ne. Ya zo gari sallar Juma'a, tayar kekensa ta yi faci, ya turo shi ta gajeriyar hanya zuwa gidan surukinsa mai gyara. Inda ya dace ya zo ke nan, ni ne ban kasance inda ya dace ba.

Kafin ka ce kwabo na murtsuke kan tabar da yatsa, na jefa ta a babban aljihun gaba, na zube ƙasa. Na sunkuyar da kai kamar ladabi ne ya yi mini yawa, alhali hayaƙin da ke bakina nake saki a hankali ta hanci. Na kama hannunsa da hannu biyu. A zatona tabar ta mutu.

"Barka da Juma'a, Baba. An zo lafiya?"

"Lafiya lau, Malam. Ya iyali?"

"Lafiya lau."

"Ya yaran? Ya mai sunan tsohuwa, haƙoran sun gama fitowa?"

"Sun fito, Baba."

"Madalla. Ya kasuwa? Ya muka ji da ruwan shekaranjiya? Mu can har ya kwantar mana da gero."

Na amsa, ya ƙara. Ya tambayi ɗan'uwana na Madadi ko ƙafarsa ta warke. Ya tambayi tunkiyar da ya ba mu ko ta haihu. Hannuna yana cikin nasa bai saki ba, kuma ba a zare hannu daga na suruki. Can na fara jin wani ɗumi a ƙirji, kamar an ɗora mini ƙosai mai zafi. Na ce a raina yanzu zai gama. Sai ya ja baya ya dubi rigar.

"A'a, sabuwa aka yi? Ai wannan sai da addu'a."

Ya ɗaga hannu, na ɗaga. Duk wanda ya san liman ya san addu'arsa ba ta gajarta don wani yana sauri. Ya roƙa mini albarkar sutura, ya roƙa wa iyaye, ya shiga kan damina. Ni kuwa ina amin, amin, ina kallon hayaƙi siriri yana tasowa ta tsakanin tafukana.

Mai ɗakina ta ji muryar mahaifinta, ta fito ta ƙofar baya da kwanon ruwan sha. Tana hango hayaƙin, ba ta ko gaishe shi ba, ta sheƙa mini ruwan a ƙirji. Na tuɓe rigar na kakkaɓe. Rami ne kamar tafin hannu a tsakiyar aikin da tela ya kwana uku yana yi.

Tsohon ya ce, "Subhanallahi. Wuta daga ina?"

A nan ne na faɗi maganar. Na ce, "Turaren wuta ne, Baba. Garwashi ta bari ya maƙale a aljihu. Na sha gaya mata ta riƙa kula."

Ta dube ni sau ɗaya. Ba harara ba ce, da harara ce da ta fi mini sauƙi. Sannan ta durƙusa da kwanonta a hannu ta ce, "A yi haƙuri, Baba. A yi haƙuri, Malam."

Tsohon ya jinjina kai. Ya ce, "Garwashi tun kafin huɗuba har yanzu bai mutu ba? Lallai gawayinku na kirya ne." Ya ce mata ta shiga gida, ya miƙo mini keken.

Na ɗauko kayan aiki na yi facin nan daga ni sai 'yar shara. Na shimfiɗa masa tabarma ya ƙi zama, yana tsaye wuri ɗaya kamar an dasa shi. Sai da na gama buga iska ya karɓi kekensa, sannan ya ɗaga ƙafarsa ta dama. Guntun tabar na nan ƙarƙashin takalminsa, a jiƙe.

"Ga garwashin nan," in ji shi. "Na taka ne kada jikokina su fito su gani."



Ya ce, "Malam, tun ranar da ka fara zuwa gidana na san kana sha. Kanumfari yana gyara baki, ba ya gyara yatsa. Ban taɓa riƙe ka da ita ba, kowa da jarrabawarsa, ni ma na yi shekaru da garin taba a leɓe. Amma yarinyar nan shekara nawa tana turara ka don ka shigo gidana da mutuncinka? Yau kuma da turaren nata ka jefe ta."

Na fara ba shi haƙuri, ya ɗaga hannu. "Ba ni ka yi wa ba." Ya hau kekensa ya tafi, ko ruwan gidana bai sha ba.

Na shiga na same ta a tsakar gida, kwalbar nan a gefenta babu ko ƙwaya, kaji suna ta tsattsaga a gabanta. Ta ce, "Kaji sun gode."

Na durƙusa a gabanta, abin da ban taɓa yi ba. Na faɗi duk abin da ya zo bakina. Ta bar ni na gama, sannan ta ce, "Tabar ba ta ba ni mamaki ba, mai koyon tafiya yana faɗuwa. Amma 'na sha gaya mata'? Yaushe ka taɓa gaya mini, Malam?"

Na ce ban taɓa ba. Na ce ta faɗi abin da zan yi.

Ta ɗauki rigar ta leƙa ni ta cikin ramin. Ta ce, "Ba za a kai wa tela ba. Ai kai ne mai faci, ka yi da hannunka. Kuma ita za ka riƙa sawa Juma'a. Duk wanda ya tambaya, ka gaya masa garwashin wane ne."

Haka aka yi. Na ɗinka wani faci mai kama da na tayar kura, na sa rigar nan shekara guda cur ina zuwa masallaci. Mutanen tasha kuwa ba sa ganin abu su yi shiru, na ba da labarin nan har na gaji. Ticha da ya ji, sai da ya riƙe ciki. Ya ce, "Na ce ka ba jaki dusa, ban ce ka buɗe masa gonar ba." Juma'ar da ta biyo, surukina ya zo gidan, ya dubi facin, ya dubi 'yarsa, ya ce a kawo masa ruwa.

Washegarin ranar da abin ya faru na dawo da yamma ban sa rai da komai ba. Ina shiga ta ce, "Kawo hannu." Ta shinshina, ta jefa ƙwaya ɗaya. Daga wannan ƙwayar ban sake sa taba a bakina ba har yau da furfura ta cinye kaina. Ita kuwa ta yafe, amma ba ta bar tsiya ba. Ko jiya da ta hura kasko sai da ta ce, "Malam, matsa can, kada garwashi ya faɗa maka aljihu."

To, ku masu fama da barin taba, ku ci tsirenku, ku ɗinka rigarku, dabarar tana aiki, ni shaida ne. Amma ina roƙonku, kada ku saka wa kanku da abin da kuke gudu. In kuma ƙafa ta zame, ku ce ku ne kuka zame. Kada ku yi irin tawa, ku ɗauki laifinku ku ɗora wa wanda ya yi shekaru yana rufa muku asiri. Ramin riga na ɗinke shi a yini ɗaya, amma kallon da ta yi mini tana durƙushe da kwano a hannu, har yau ban samo masa faci ba.