Akuyarmu a kan allo

Malaminmu na Turanci a sakandare a Kazaure maƙwabcinmu ne, katanga ɗaya ta raba mu. Ranar da zai koya mana yadda ake jaddada magana, sai ya rubuta misalai uku a allo da Turanci: akuyar maƙwabcina ce ta cinye min zogale, zogalena ne ta cinye, jiya ne ta cinye shi. Ko kallona bai yi ba, ni kuwa na kwafe tsaf.

Da yamma Baba, wanda ba ya fashin duba littafina, ya karanta har sau biyu, sannan ya cire tabarau.

"Malam ya iya koyarwa," ya ce. "Je ka samo igiya."