Addu'ar Laraba Bayan Yaya Kafinta

Da safiyar Litinin, tara ga watan Maris, matarka ta aiko mini cewa Ubangiji ya kira ka gida. Yaya, ban yi kuka nan take ba. Zama na yi a bakin gado.

Kowa ya san ka da randar goge katako da zarto, ni ƙanwarka kuwa da addu'ar yammacin Laraba na san ka. Kai ne mai buɗe majami'a, ka goge kowane benci, har na can baya da ba a zama. Wanda ƙafarsa ta yi rawa ka buga masa ƙusa ba tare da an roƙe ka ba.

Da ɗanka na fari ya buɗe gidan kallon ƙwallo a tsallaken titi, matasa suka koma can, daga baya iyayensu maza suka bi. Muka rage tsofaffi, muna waƙa, ihun cin ƙwallo yana danne mu. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne kai ka ƙera masa bencinan. Na zo shagonka a fusace, ka ɗago kai ka ce, “Ƙanwata, ɗana ne. In na ƙi shi, wa zai saurara ranar da zai nemi hanyar dawowa?” Ban gamsu ba, har yau ma da sauran magana a bakina.

Sau da yawa dattawan ikilisiya sun so a soke addu'ar, kana hanawa. Yanzu sun sake tayar da zancen. Ni kuma na gaji, Yaya. Gwiwoyina ba sa ɗaukar tafiyar, muryata ta dushe.

Larabar da ta wuce na daure na je. Daga ni sai matarka. Ta ce, “Fara mana waƙar, mu ma mutane ne.” Ɗanka bai shigo ba. Amma muna kai baiti na biyu sai na lura ina jin muryata sarai: ya kashe lasifikarsa, bai kunna ba har muka ce amin. Saboda haka gobe zan gaya wa dattawa ban yarda a soke addu'ar ba.

Ubangiji ya yi maka jinƙai, ya ba ka hutawa a wurin Yesu Almasihu. Ya ta'azantar da matarka da 'ya'yanka da jikoki. Ɗanka kuma, Allah ya ba shi ƙarfin tsallako titin nan tun ina da rai.